Antigoni ta Sofokilis: layukan nan na 904 zuwa 920 nasa ne, ko cusa su aka yi?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka karanta wasan Antigoni na Sofokilis, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, ko da a fassarar Turanci ko Faransanci ne. Bari in kawo labarin a gurguje saboda waɗanda ba su san shi ba. 'Ya'yan Idifus, tsohon sarkin birnin Tibis, maza biyu, Etiyokilis da Polinaikis, suka yi rigima kan sarautar birnin Tibis. Na farko yana ciki yana tsaron gari, na biyu ya tafi Argos ya ɗauko runduna ya kawo wa garinsu hari, suka kashe juna a bakin ƙofa. Kawunsu Kiriyon ya hau karaga, ya sa aka yi shela cewa a yi wa Etiyokilis sutura ta girmamawa, shi kuwa Polinaikis a bar gawarsa a fili karnuka da tsuntsaye su ci, duk wanda ya binne shi jifa ne hukuncinsa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta yi kunnen uwar shegu da dokar, ta je ta zuba wa gawar ƙasa, aka kama ta.

To ga inda na cije. Da aka kawo ta gaban sarki, wajen layi na 450, hujjarta a fili take: ba Ziyus, babban allan Girkawa, ne ya kafa wannan doka ba, kuma shelar ɗan Adam ba ta isa ta ture dokokin alloli ba, waɗanda ba a rubuce suke ba, ba na yau ba ne ba na jiya ba, ba wanda ya san ranar da suka fara. Bisa wannan hujja kowace gawa tana da haƙƙin a rufe ta. Amma da za a tafi da ita kogon da za a toshe ta a ciki da ranta, a jawabinta na ƙarshe, daga layi na 904 zuwa 920, sai ta ce wai da mijinta ne ko ɗanta ke yashe yana ruɓewa, da ba ta ja da mutanen gari ba. Dalili? In miji ya mutu a sake wani, ɗa kuma a sake haifa, amma tunda uwa da uba sun riga sun tafi, ba ta da inda za ta ƙara samun ɗan'uwa. To ina dokar allolin ta shiga? Anya Sofokilis ne ya rubuta wannan wuri?

Na-Allah: Tirƙashi. Duk mai shirin aure ya karanta wannan wuri kafin ya kai kuɗin gaisuwa.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ke kika fara tuntuɓe da wannan dutse ba. Goethe, babban mawaƙin Jamus, a hirarsa da abokinsa Eckermann a 1827 ya ce wurin nan tabo ne a jikin wasan, har ya ce zai so a sami wani masanin harshe da zai tabbatar masa cewa cusa shi aka yi. Tun kafin nan ma, a 1821, wani manazarci Bajamushe mai suna August Jacob ya riga ya ce a cire. Richard Jebb, wanda sharhinsa na Sofokilis ya daɗe yana jan zarensa a Ingila, shi ma bai yarda da layukan ba.

Abin da ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi shi ne an san gidan da maganar ta fito. A littafi na 3 na tarihin da Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke, ya rubuta, sashe na 119, akwai labarin wani babban Bafarishe, Intafarnis, wanda sarki Dariyus ya kama shi da 'ya'yansa da danginsa maza za a kashe. Matarsa ta yi ta zuwa ƙofar fada tana kuka har sarki ya ji tausayinta, ya aika aka ce ta zaɓi mutum ɗaya a sakar mata. Ta ce ɗan'uwanta. Dariyus ya yi mamaki, ya aika a tambaye ta don me ta bar miji da 'ya'ya. Amsar da ta bayar ita ce dai wadda kika kawo, kusan ba ragi ba ƙari. Sarki ya ji daɗin amsar, ya sakar mata ɗan'uwan ya ƙara mata da babban ɗanta, ya kashe sauran.

Ki lura da bambanci ɗaya. Matar Intafarnis tsakanin rayayyu take zaɓe, don haka lissafinta yana tafiya: ceci wanda ba za a iya maye gurbinsa ba. Ita kuwa Antigoni gawa za ta rufe. Binne shi ba zai dawo mata da ɗan'uwa ba, barin miji a fili kuma ba ya zama daidai don kawai akwai wani mijin a gaba.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ai ka gama magana. An yanko zance daga wani littafi an liƙa inda bai zauna ba. Kuma ba a rasa waɗanda za a zarga ba. Bayan mutuwar Sofokilis a wajen 406 kafin Miladiyya an ci gaba da maimaita wasanninsa, 'yan wasa kuwa suna ƙara abin da suka ga dama don a tafa musu. Abin ya yi yawa har sai da Laikurgus, wani jigon siyasar Atina, a shekarun 330 kafin Miladiyya, ya sa aka yi doka a Atina cewa a ajiye kwafin hukuma na wasannin Eskilus da Sofokilis da Yurifidis, ɗan wasa ba shi da ikon kauce wa abin da ke ciki. Ba a kafa doka sai an ga ɓarna. Ku gwada ma da kanku: ku tsallake daga layi na 903 ku faɗa 921, za ku ga jawabin ya tafi sumul, ba inda ya yi ɗingishi.

Malamar Tarke: Baban Khalifa, a yi a hankali. Jawabi ya tafi sumul bayan an yanke wani yanki ba hujja ba ce, rabin jawaban da ke cikin wasannin nan za ka iya yi musu haka. Mu duba shaidu. Layukan suna cikin rubuce-rubucen hannu da suka iso mana, har da mafi tsufa, wanda ke ajiye a Fulorens ta Italiya, na ƙarni na 10. Sannan ga Aristotal, masanin falsafar Girka. A littafinsa na fasahar magana, kashi na 3, yana koyar da cewa in mai magana ya faɗi abin da zai yi wuyar gaskatawa, to ya biyo shi da dalili, sai ya ce kamar yadda Sofokilis ya yi, ya kawo layi na 911 da 912 na wannan wuri da muke gardama a kai. Bai kawo su a matsayin aibi ba, misali ya yi da su na yadda ake gina halin ɗan wasa. Mutumin da aka haifa a 384 kafin Miladiyya, ya yi shekaru masu yawa a Atina yana kallon wasannin nan da harshensu na asali, bai ji warin jabu ba. Goethe da ya zo bayan shekara fiye da dubu biyu shi ne ya ji.

Batun Hirodotus kuwa bai dame ni ba ko kaɗan. Zamaninsu ɗaya da Sofokilis, sun san juna, har Fulutak, wani marubuci Bagirke na baya, ya ruwaito cewa Sofokilis ya yi wa Hirodotus waƙa. A wasansa na Idifus a Kolonus ma akwai wurin da ake maganar Misirawa, maza na zaune a gida suna saƙa mata na fita nema, kuma wannan ma yana cikin Hirodotus. Mutum ne mai aro daga abokinsa.

Abin da nake so mu kula da shi a harkar tarke: Goethe bai ce Girkancin wurin ya karye ba, cewa ya yi bai dace da tauraruwar da yake so ba. Ya riga ya sassaƙa tasa Antigoni a zuci, tsarkakakkiya mai magana ɗaya, sai ya nemi a gyara littafi ya yi daidai da ita.

Baban Khalifa: Malama, shaidar Aristotal tana nuna cushen ya tsufa ne kawai. Tsakanin mutuwar Sofokilis da lokacin da Aristotal ke rubutu akwai shekaru da dama, sun ishi a yi aika-aika. Ɗan Sofokilis, Iyofon, ma marubucin wasa ne, kuma akwai waɗanda suka nuna shi da yatsa. Har yanzu ba ki amsa tambayar Maman Ummi ba: ina dokar alloli ta tafi?

Uwar Biyu: Ni ban san Girkanci ba, fassara na karanta, amma bari in sa baki. Ku maza kuna karanta wurin nan kamar takardar shari'a, kuna neman inda sashe na biyu ya saɓa wa na farko. Wa take yi wa magana a nan? A layi na 450 sarki take fuskanta, ga dattawan gari tsaye, dole ta yi magana irin ta fada, ta ɗauko abin da ya fi sarki ƙarfi ta buga masa. A jawabin ƙarshe kuwa ta juya wa kowa baya. Da kabarin ta fara, tana kiransa ɗakin amarcinta, sannan ta koma kan matattunta, tana cewa da hannunta ta wanke su ta shirya su, sai ta kira Polinaikis da sunansa. Da ɗan'uwanta take zance, ba da alƙali ba.

Duk wadda ta taɓa zama a gidan makoki ta san irin maganar da ke fita daga bakin wadda aka yi wa rashi. Za ki ji mace ta ce da ma ni aka ɗauka aka bar shi, alhali ga 'ya'yanta ƙanana a gabanta. Ba wanda zai tashi ya ce mata lissafinki bai fita ba.

Sannan ku tuna yarinyar nan ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Mijin da ɗan da take cewa da ta bari, babu su, kuma yanzu ta tabbata ba za a taɓa yin su ba. Ni abin da na ji a wurin shi ne mutum yana rage wa abin da ya rasa daraja don ya iya haɗiye rashin. Shaida kuwa tana cikin layukan da kuke so a yanke ɗin: a ƙarshensu, daga 916 zuwa 920, kuka take cewa ga shi ana jan ta ba gadon aure, ba waƙar biki, ba rabon goyo. Wadda ta raina miji da ɗa da gaske ba za ta rufe da wannan ba.

Maman Ummi: Yaya, wannan ya shige ni. Amma akwai abin da ke min ciwo. Tana da wanda zai aure ta fa, Haimon ɗan Kiriyon, wanda ya tsaya gaban ubansa saboda ita har ya kashe kansa a kanta. Ita kuwa ko sunansa ban ga ta ambata ba.

Tsohon Malami: Ya danganta da bugun da ke hannunki. Akwai layi ɗaya tak, na 572, inda wata ke cewa ya masoyi Haimon, dubi yadda ubanka ke wulaƙanta ka. A rubuce-rubucen hannu Ismeni ce ke faɗa, 'yar'uwar Antigoni, domin ita ce ke musayar magana da Kiriyon layi-layi a wurin. Amma tun bugun farko da aka yi a Banis ta Italiya a 1502 aka sami masu mayar da layin bakin Antigoni, Jebb ma haka ya yi. Gaskiya ne alamomin da ke nuna wane ne ke magana a tsofaffin kundaye ba abin dogaro ba ne sosai, masu kwafa suna rikita su. To amma ku dubi abin da ya faru: editan da ya cire mata layi 17 don sun yi sanyi da yawa, shi ne kuma ya ba ta layi ɗaya don ta ɗan yi ɗumi. Hannu ɗaya ne ke aikin biyu, kuma Antigoni ɗaya yake nema, mai taushin zuciya.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Mu nan a lakwal ba ta Sofokilis muka fara sani ba, ta Jean Anouilh ce, marubucin wasa Bafaranshe, wadda aka fara nunawa a Paris a watan Fabrairu na 1944, sojan Jamus na riƙe da gari. A can Kiriyon ba azzalumi ba ne, dattijo ne da ya gaji, wanda ya ce dole wani ya karɓi aikin tuƙa jirgi. Yana ma ƙoƙarin ceton yarinyar. Ya gaya mata cewa 'yan'uwan nata duka biyu 'yan iska ne, kuma gawarwakin sun dagargaje har ba a gane wane ne wane, shi dai ya sa an ɗauki wadda ta fi kyan gani an yi mata jana'izar hukuma, bai ma san ko wace ce aka binne ba. Babu Tirisiyas, bokan da ke cikin na Sofokilis, a wasan, babu alloli masu magana. Da aka ƙwace mata duk hujja sai ta ce don kanta take yi. Masu tace wasanni na Jamusawa suka bari aka nuna, 'yan gwagwarmaya kuma suka tafa wa Antigoni. Abin da ya sa na kawo wannan, ina ganin Anouilh daga irin wurin nan na 904 ya hango cewa hujjar yarinyar tana zamewa in aka matsa ta.

Baban Khalifa: Yauwa, ɗan'uwa, ka kawo ni inda nake so. Mu yau mun saba da ɗaukar Kiriyon a matsayin fir'auna tun daga layin farko. Mutanen Atina ba haka suka ji shi ba. A 343 kafin Miladiyya, Dimostinis, shahararren ɗan siyasar Atina, yana ƙarar abokin gabarsa Eskinis a kotu, sai ya sa magatakarda ya karanta jawabin Kiriyon na farko, inda yake cewa ba a sanin zuciyar mutum sai an gwada shi da mulki, kuma wanda ya fifita abokinsa a kan ƙasarsa ba kowa ba ne, domin ƙasa ita ce jirgin da ke ɗauke da kowa. Dimostinis ya kawo wannan ne a matsayin darasin kishin ƙasa da Eskinis ya kasa koya. Ba za ka karanta wa masu yanke hukunci maganar da suka ɗauka ta mugu ba ce don ka jawo su gefenka.

Hana maci amanar ƙasa kabari kuma doka ce a Atina. Tusididis, marubucin tarihi ɗan Atina, ya ce ƙasusuwan Timistokilis, gwarzon yaƙin Salamis, a ɓoye danginsa suka dawo da su suka binne, saboda an kore shi bisa zargin cin amana. Polinaikis fa wuta ya zo sa wa garin ubansa. Ku haɗa da cewa masu wasan duka maza ne, kuma a jawabin da Tusididis ya sa a bakin Firikilis, jagoran Atina, an ce darajar mace ita ce kada a ji sunanta a bakin maza, da alheri ko da sharri. Wata manazarciya, Christiane Sourvinou-Inwood, ta yi rubutu a 1989 tana cewa ɗan Atina na wancan lokaci zai fara kallon Antigoni ne a matsayin fitinanniyar mace da ta fito waje ta karya doka. Ni ina tare da ita.

Abu Maryam: Ni dai ko me za a ce, barin gawa a fili abin ƙyama ne a wurin kowane mai hankali. Mu a wurinmu rufe mamaci farilla ce da in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Tun kan ɗan Adam na farko da ya kashe ɗan'uwansa aka aiko hankaka ya nuna masa yadda zai rufe shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allolinsu dai na ƙarya ne, amma a nan yarinyar ta fi sarkin gaskiya.

Malamar Tarke: Abu Maryam, da ma'aunin Girkawan kansu ma za a iya kama Kiriyon, ba sai mun ɗauko namu ba. Baban Khalifa ya faɗi rabin dokar ne. Abin da Atina ta hana shi ne a binne maci amana a cikin ƙasarta. Ana fitar da gawar bayan iyaka, dangi su san yadda za su yi da ita a can. Kiriyon kuwa ajiye gawar ya yi a bakin gari ya sa masu gadi. Ku tuna bayanin mai gadin nan mai surutu: sun share ƙurar da aka zuba wa gawar, suka koma kan tudu ta inda iska ba za ta kawo musu ɗoyi ba, suna zagin juna don kada wani ya yi gyangyaɗi, har rana ta take, guguwa ta taso. Hukuma ce ta sa ma'aikata gadin ruɓa.

Sakamakon kuma Sofokilis bai bar shi a duhu ba. Tirisiyas, makahon boka, ya zo ya ce tsuntsaye sun haukace suna yagar juna, hadaya ta ƙi cin wuta, kitse sai narkewa yake yana tsartuwa a toka, saboda karnuka da tsuntsaye sun kwaso naman gawar sun watsa a wuraren yankan gari. Me sarki ya ce? Ya ce an saye boka da kuɗi, kuma ko gaggafar Ziyus za ta ɗauki naman ta kai har kan karagar Ziyus, ba zai bari a binne ba. Wanda ya fara da kwatanta ƙasa da jirgi ga inda ya ƙare. Tun kafin nan ɗansa ya gaya masa garin da yake mallakar mutum ɗaya ba gari ba ne, kuma talakawa a ɓoye suna bayan yarinyar.

Shi ya sa ban gamsu da Hegel, masanin falsafa Bajamushe, ba gaba ɗaya, da ya ce haƙƙi biyu ne masu nauyi ɗaya suka yi karo, na gida da na hukuma. Ma'aunin bai daidaita ba, boka mutum ɗaya ya la'anta. Amma kuma, kuma nan ne nake komawa kan tambayar farko, Sofokilis bai wanke Antigoni tas ba. Boka bai yabe ta ba, ko sunanta bai kira ba. Dattawan da ke amshi sun ce mata taurin kanta ne ya kashe ta. Ta yi wa Ismeni magana mai zafi har sau biyu. Allolin da ta tsaya wa ba su aiko mata ko da alama ba, har ta tambaya, nan da nan bayan layukan da muke magana, me zai sa ta ƙara ɗaga kai ta dube su. Manazarci Bernard Knox a littafinsa na 1964 ya karanta wurin kusan yadda Uwar Biyu ta karanta: a bakin mutuwa manyan hujjoji sun zube, abin da ya rage shi ne son ɗan'uwan nan ɗaya. Aikinta daidai ne, dalilinta kuwa cakuɗe yake, kuma ni a ganina da gangan aka bar shi haka.

Mai Latin: Tunda an taɓo masu sake labarin, ku ba ni dama in shigo da Rumawa. Istatiyus ya rubuta doguwar waƙa da Latin a kan yaƙin Tibis, littafi 12, ya kammala wajen shekara ta 92 Miladiyya, zamanin sarki Domishiyan. A littafi na 12 ba Antigoni kaɗai ke neman gawar ba. Matar Polinaikis, Argiya, ta taso tun daga Argos, ta bar sauran matan a hanya, ta shiga filin yaƙi da dare tana duba gawarwaki ɗaya bayan ɗaya har ta gane mijinta. Tana cikin kuka sai ga Antigoni ta sulalo daga gari. Suka wanke shi a kogin Isminus, suka nemi wuta, suka tarar da wani tarin itace yana ci, suka ɗora shi. Ashe na Etiyokilis ne. Harshen wutar ya rabe biyu, 'yan'uwan suna faɗa har a toka. Da aka kama su sai suka shiga gardama, kowace na cewa ita ta yi, a kashe ta.

Abin da nake so ku gani: abin da Antigonin Sofokilis ta ce ba za ta yi wa miji ba, shi Istatiyus ya sa wata mace ta yi wa miji, ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Sai dai ya sauƙaƙa wa kansa aiki ta wani gefen. Kiriyon nasa azzalumi ne tsantsa, duk matattun Argos ya hana binnewa, a ƙarshe Tisiyus, sarkin Atina, ya zo da runduna ya kashe shi, matan suka tsira. Waƙar tana da ƙarfi, wurin wutar nan ba ya fita daga rai, amma ba ta barin ka da irin ciwon kan da ya tara mu a nan.

Na-Allah: Femi Osofisan ma, marubucin wasa ɗan Najeriya, da ya kawo labarin ƙasar Yarabawa a wasansa Tegonni, Gwamna Bature ya mayar da Kiriyon. Amma Mandela da aka yi wasan a kurkukun tsibirin Robben, a matsayin Kiriyon ya fito. Baban Khalifa ka sami ɗan ƙungiya.

Uwar Biyu: Ni akwai inda Kiriyon ya fi ba ni haushi fiye da duk zage-zagensa. Da jikinsa ya yi sanyi ya tambayi dattawa me zai yi, suka ce je ka fito da yarinyar daga kogo, sannan ka yi wa mamacin kabari. Mai rai suka fara ambata. Shi kuwa sai ya tafi wurin gawa tukuna: aka yi addu'a, aka wanke abin da karnuka suka rage, aka saro ɗanyen reshe aka ƙona, aka tara ƙasa aka yi tudu. Sai da aka gama duk wannan aka nufi kogo, aka tarar ta rataye kanta da ƙyallen lilin. Gawa da ta kwana tana jira ba za ta iya ƙara awa ɗaya ba?

Tsohon Malami: Hajiya, wasan bai faɗi lokacin da ta rataye kanta ba, saboda haka ba za a ce da ya fara ta kogo da ya same ta da rai ba. Kuma abin da boka ya fi nanatawa shi ne ƙazantar da gawar ta jawo wa gari, ita ce ta tsorata sarki. Amma ni na fi ganin dalilin a wajen zubin wasan. Duk wannan ba a dandamali ya faru ba, manzo ne ke ba da labari, kuma uwar Haimon, Yuridisi, tana tsaye tana ji. In ya fara da kogo, da Haimon rungume da gawar amaryarsa, da tofa wa ubansa yawu a fuska, da zare takobi ya kai masa sara ya kuskure, da juya takobin ya soka wa kansa, to wa zai saurari bayanin wankan gawa bayan wannan? Dole labarin ya hau, ya ƙare a inda uwar za ta juya ta shige gida ba ta ce uffan ba.

Wannan saran da ya kuskure ma Aristotal bai so shi ba. A littafinsa na waƙa, babi na 14, ya ce mafi rauni a wasan ban tausayi shi ne mutum ya yi niyyar aikata abu da saninsa sannan bai aikata ba, ya kawo Haimon da Kiriyon misali. A nan kam ban bi shi ba. Sofokilis yana bukatar Kiriyon da rai, don ya shigo da gawar ɗansa a hannu, a zo kuma a ce masa matarsa ta kashe kanta tana tsine masa.

Baban Khalifa: To ai Malam ka dawo kan maganata. Wasan layi 1353 ne, Antigoni ta fita tun wajen 943 ba ta ƙara dawowa ba. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, ko kusa da haka, na Kiriyon ne. Shi ya fi kowa magana, shi ya yi kuskure, shi ya gane, shi ya faɗo daga sama. Duk abin da Aristotal ke nema a tauraron irin wannan wasa a jikinsa yake. Sunan yarinyar kawai aka sa a bango.

Malamar Tarke: Baban Khalifa, koma ka ƙarasa karanta maganar mai shaidar da kai ka kira. A wannan jawabi na 343, kafin a karanta layukan Kiriyon, Dimostinis gori yake yi wa Eskinis da tsohuwar sana'arsa. 'Yan wasa uku ne ke raba duk matsayin da ke cikin wasa, suna sauya abin rufe fuska, kuma akwai na ɗaya, na biyu, na uku. Ya ce manyan 'yan wasa irin su Tiyodorus da Aristodimus sun sha yin Antigoni, shi kuwa Eskinis ɗan wasa na uku ne, kuma na uku ake bar wa fitowa a sarki mai sanda. Kiriyon ɗin da kake cewa wasan nasa ne, a Atina ƙaramin cikinsu ake ba.